Ranar da Na Fasa Daɓen Inna Tumba

Na san abin da ake faɗa a kaina, don ni ba kurma ba ce. An ce na ci amanar Inna Tumba, na shiga ɗakinta ba ta nan na farfasa mata daɓe don in ƙwace shugabancin mata daga hannunta. An ce ta tsine mini kafin ta bar gari, wai shi ya sa gwiwoyina suka lalace. Gwiwa kuwa, duk matar da ta yi rabin rayuwarta a durƙushe kan tsakuwa ai sai ta ji a jikinta. Ke Hadiza har kin taɓa tambayata a fakaice, kina wani sosa kunne, na yi kamar ban gane ba. To yanzu na tsufa, kuma ba na so in mutu in bar ku da labarin 'yan bakin rijiya. Na fasa daɓen, da hannuna, ba wanda ya aike ni. Amma ku ji yadda aka yi tukuna.

Ku 'ya'yan siminti ne, sai an yi muku bayani. Daɓe aikin mata ne. In an gina sabon ɗaki, ko za a kawo amarya, sai a zuba tsakuwa da jar ƙasa a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, wato icen nan mai faɗin baki da ake dukan ƙasa da shi. Uwar daɓe na ba da waƙa ana amsawa, ana duka, har ƙasa ta kwanta lif. Daga baya a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ɗaki ya yi duhu ya yi sheƙi. A ƙauyenmu na gefen Dareta, uwar daɓe ita ce Inna Tumba, kuma ba a taɓa yin kamarta ba. Ba dangina ba ce. An kawo ni amarya daga Gwashi ban san kowa ba, aka ja ni wurin wani daɓe don in saba da mutane. Ina cikin duka sai na ji mutum tsaye a kaina, doguwa, baƙa, da hannaye kamar na maƙeri.

"Wagga ɗiya ta wa ce? Ke, daɓe kike ko lallashin ƙasa?"

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa na so ƙasar ta tsage in shige. Amma da aka tashi sai ta ce in biyo ta in ɗaukar mata ƙwarya. Daga ranar na zama tata. Sunana Hauwa'u, kowa Kulu yake ce mini, ita kuwa ba ta san ko ɗaya ba. Sakarya nake, mai hannun kunu nake, in ta ji daɗin aikina ƙwarai ta ce ja'ira. A wurinta na koyi zaɓen ƙasa. Takan ɗiba ta murza a yatsa, ta shinshina, ta ɗora a harshe ta ɗan yi shiru, sannan ta ce wannan za ta tsage da rani, waccan za ta yi shekaru. A wancan zamanin ban taɓa ganin ta yi kuskure ba. Kuma ba daɓe kaɗai ta koya mini ba. Ita ta nuna mini yadda zan zauna da kakarku, wadda ba ta da sauƙi ko kaɗan, Allah ya jiƙanta. Ita ta karɓi haihuwar kowannenku. Har na yi jika, a gabanta ban wuce yarinyar da ke ɗaukar ƙwarya ba, kuma wallahi ban taɓa jin haushin hakan ba. Abu ɗaya ta fi ja mana kunne a kai: ba a fasa daɓen mace tana raye sai da bakinta. Ko mai ɗakin ce ke son sabo, sai ta aika wa wadda ta yi na farko da goro ta nemi izini. Wadda ta fasa ba ta tambaya ba, kamar ta tsaya a tsakiyar kasuwa ne ta ce aikinki banza ne.

Siminti ne ya fara ci mana tuwo a ƙwarya. Amare suka fara cewa su ɗakin siminti suke so, Inna ta yi ta tsaki tana cewa abin da ke sa wa mutum sanyi a ƙashi. Sai kuma zinare ya zo. Lokacin ke Hadiza kina ɗakinki a Bukkuyum, kai Bashiru kana makaranta, ba ku ga farkon abin ba. Maza suka bar gona suka koma rami, ana kawo dutse a buhu, injin da muke niƙa dawa ya koma niƙa dutse. Har cikin gidaje ake dakawa, mata ma sun shiga. In an wanke an cire zinaren sai a zubar da ragowar a bayan gari, tuli-tuli, gari lukwi kamar an tankaɗe. Wata safiya Inna ta kira ni can, ta ɗibi garin ta ɗora a harshe, idonta ya yi wani haske. Ta ce ba ta taɓa jin ƙasa mai laushi da zaƙi-zaƙi irin wannan ba, ga ta kyauta, ba sai an je rafi ba. Muka gwada a ɗakinta. Kai, ku zo ku ga daɓe! Sumul, ba tsaga ko ɗaya, in an shafa makuba har fuskarka kana hange. Amaren da suka guje mu suka dawo. Wannan shekarar mun yi ɗakuna da yawa, Inna tana waƙa tana yi wa siminti habaici, muna guɗa. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Sai yara suka fara faɗuwa. Yaro na wasa sai ka ga ya sandare, ido ya juye, jiki na karkarwa, haƙora a datse. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ɗan maƙwabciyarmu Larai ya tafi. 'Yar Mairo ta bi shi, ƙaninta ya bi ta. Sai da ta kai in ka ji kuka daga wani gida ba ka tambayar me ya faru, sai dai ka tambayi wanne ne. Har yau ban manta jerin ƙananan kaburburan nan ba. Daga nan likitoci suka zo da motoci, suka ɗebi jinin yara, suka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen zinare, ƙurarsa ce yara ke haɗiya in sun yi rarrafe sun sa hannu a baki. Suka ce dole a kankare ƙasar kowane gida a kwashe, a zuba sabuwa.

Da yake maza ba sa shiga ɗakunan mata, sai aka haɗa su da Malama Rifkatu, wata ma'aikaciyar lafiya Kirista mutuniyar Zuru, wadda ta daɗe a asibitin yankinmu har ta fi wasunmu iya gaisuwa. Ni aka ce in riƙa raka ta, don na san kowane ɗaki. Tana riƙe da wata na'ura kamar babbar tocila, in ta ɗora a ƙasa sai ta nuna mata yawan gubar da ke wurin. Tsakar gidaje duk akwai, wannan ba mamaki, can ake daka. Amma da muka shiga ɗakin Mairo ta ɗora a kan daɓe, sai na ga ta ɗaga ta sake ɗorawa, ta matsa lungu ta sake. Ta tambaye ni wa ya yi wannan daɓen, ni kuwa sakarya, da alfahari na ce mu ne, har ina nuna mata sheƙinsa. Ta tambayi inda muka samo ƙasar. Na gaya mata. Ta zauna a bakin gado ta dafe kai, ta ce da ni a hankali:

"Inna Kulu, wannan ba ƙasa kuka shimfiɗa ba. Gubar ce kanta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi ɗakin nan, na dubi wurin da 'yar Mairo ke zama da 'yar ƙwaryarta. Duk ɗakin da muka yi a shekarar, haka na'urar ta nuna. Malama Rifkatu ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ba daɓe kaɗai ba ne, dakan da ake yi a gida ya fi yawa, kuma ba wanda ya sani. Na ji ta, amma maganar ba ta shiga ba.

Da na je na gaya wa Inna, tana zaune tana ba Balki fura. Balki 'yar ɗanta Ɗanjuma ce, an kawo mata yaye, ba ta daɗe da fara tafiya ba, kullum tana manne da ita a wannan ɗaki mai sheƙi. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta wanke ni tas. Ta ce tun kafin a haifi uwar Rifkatu take ɗanɗana ƙasa, yanzu tocila ce za ta koya mata aiki? Ta ce ni kuma da na kwaso maganar, ashe har yau ba ni da hankali. Na tashi na koma gida, don ban saba mayar mata da magana ba. Ba a yi kwana nawa ba, da rana tsaka, Balki ta sandare a tsakiyar ɗakin. Aka sa su a mota sai asibitin Anka. Kafin Inna ta shiga motar ta kulle ɗaki ta danƙa mini makulli, ta ce in kula mata da awaki. Sannan ta juya ga samarin da aka ɗauka aikin kankare ƙasa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce duk wanda ya sa fartanya a ɗakinta ba ta yafe ba duniya da lahira.

To wa zai taɓa? Samarin nan duk a hannunta aka haife su. Suka kankare tsakar gida suka bar ɗakin a kulle. Na sami Ɗanjuma, ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai iya ja da bakin uwa ba, sai dai a yi ta addu'a. Matan da muka yi wa daɓe su ma suka tsaya cak, suna tsoron gubar, suna tsoron Inna, kowa na jiran ta buɗe baki. Malama Rifkatu kuwa ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa maganin da ake ba Balki yana fitar da gubar, amma in ta dawo kan daɓen nan, jikinta zai sake cika, kuma karo na biyu ba lallai ta tashi ba.

Na shiga mota na tafi Anka. Na tarar da Inna a kan tabarma a gefen gadon yarinyar, ta rame, idanu sun faɗa. Na durƙusa na roƙe ta da girman Allah ta ba da izini. Na ce ni zan sake mata wani da hannuna, da ƙasar rafi, yadda ta koya mini. Da ta yi magana, ba zagi a ciki, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ke ba ki gane ba. In na ce a fasa, to na yarda ni na kashe ɗan Larai. Ni na kashe ɗiyan Mairo, da hannun ga da na karɓe su da shi. Kina son in yarda da wannan? Tashi ki tahi gida."

Na dawo gida. Babanku ya ce in fita daga maganar, ba jikata ba ce, ba ɗakina ba ne, kuma makulli amana ne. Gaskiya ya faɗa, duk ukun. Amma ni na ga idon Balki lokacin da ya juye. Ranar da aka aiko cewa an kusa sallamar su, na gama abin kari, na ɗauki digar babanku na nufi gidan. Na buɗe ƙofa. Ɗakin na nan yadda ta bar shi, ƙwaryar furar yarinyar a kife a lungu. Na fitar da gado da tukwane da kwalla, na ɗaure hanci da ɗankwali kamar yadda aka koya mana, na yi bisimilla na ɗaga diga. Dukan farko ko gezau bai yi ba. Aikin Inna ne fa, da nawa hannun a ciki. Sai a na uku ya tsage, da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Ina sara ina kuka, majina da hawaye sun jiƙa ɗankwalin. Da na ɗago sai na ga mata cike da ƙofa, ba mai motsi. Larai ce kaɗai ta yi magana, ta ce, "Kulu, kin haukace?" Na ce mata ta kira samarin nan su kawo buhuna, ni na fasa, su kwashewa kawai za su yi, in da alhaki a wuyana yake. Kafin la'asar an kwashe, an zuba jar ƙasa mai tsabta.

Da suka dawo ina tsakar gidan ina jira, don ban ga amfanin ɓuya ba. Inna ta shigo da Balki a goye. Ta tsaya a bakin ɗakin ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Na zube a gabanta na miƙa makulli da hannu biyu. Na shirya wa mari, na shirya wa zagin da zai kai har kakannina na Gwashi, da ta yi ma da na ji sanyi. Sai ta karɓi makullin a hankali ta ce:

"Sannu da aiki, Malama Hauwa'u. Allah shi biya."

Ban ma san ta san sunan nan ba. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ce mini sakarya, yau ita ce ke gaishe ni kamar baƙuwar da ta zo daga birni. Na ce Inna ki zage ni, don Allah ki zage ni. Ta kewaye ni ta wuce rumfa ta sauke yarinyar. Ba ta shiga ɗakin ba, ko sau ɗaya. Washegari ta aika wa Larai cewa duk wadda ta yi wa daɓe a wannan shekarar ta fasa, ta ba da izini. Bayan 'yan kwanaki ƙanin Inna ya zo da mota daga Gummi ya kwashe ta da kayanta da Balki. Kafin su tafi ta bi gida-gida ta yi sallama, har gidanmu ta shigo ta gaida babanku, ta ce a gaida Malama, alhali ina tsaye a gabanta. Wannan ita ce tsinuwar da kuke ji ana faɗa. Shugabancin da aka ce na ƙwace kuma, na me? Daga shekarar ba wanda ya sake kiran mata daɓe a garinmu, kowa siminti ya koma. Ni dai na rasa uwa, kuma na daɗe ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, ban san wanda ya fi ba.

Shekaru suka wuce ba aike ba saƙo. Na aika mata da daddawa da man shanu ba sau ɗaya ba, sai a dawo mini da godiya mai tsawo irin wadda ake yi wa hakimi. Sai wata rana bayan girbi wata mai sayar da kifi daga Gummi ta tsaya a ƙofar gida ta ce tsohuwa Tumba na nemana. Ko wanka ban tsaya yi ba.

Na same ta ta rankwafa, hannayen nan na maƙeri sun zama ƙashi da jijiya. Da kanta ta shimfiɗa mini tabarma, da kanta ta kawo ruwa, na yi na yi ta bari ta ƙi. Balki ta girma ta yi tsawo, kyakkyawa, sai dai bakinta da nauyi, kuma in an yi mata magana sai ta ɗan jima kafin ta amsa. Bayan mun gaisa Inna ta ce in taso. Ta kai ni can ƙuryar gidan, ga wani sabon ɗaki da 'ya'yan ƙaninta suka gina mata, an rufe ƙofar da asabari. Matar gidan ta raɗa mini cewa sun so su sa siminti ta hana, ita kaɗai ta yi daɓen, kaɗan-kaɗan, tana yi tana hutawa, ba waƙa ba mataimaki. An gama tun bara, amma ta hana kowa shiga. Ita da yarinyar a tsohon shago suke kwana, wanda ke yoyo da damina. Inna ta ɗaga asabarin ta ce in duba mata. Na ce haba Inna, ni in duba miki daɓe? Ni wa?

"Harshena ya taɓa yi mini ƙarya," in ji ta. "Ban ƙara yarda da shi. Ke ce kika gani lokacin da ni ban gani ba. In kin ce a fasa, a fasa."

Wallahi da ƙasa ta buɗe a lokacin da na shige, kamar ranar farko. Amma na ga da gaske take, kuma abin da take tsoro ba abin wasa ba ne. Na ce a kai ni inda aka ɗebo ƙasar. Matar gidan ta raka ni har bakin gulbi, wani tsohon kududdufi da unguwar gaba ɗaya ke gini da shi tun kakanni. Na tambayi masu yin tubali a wurin ko an taɓa niƙa dutse ko wanke zinare kusa, suka ce ko alama. Na dawo na shiga ɗakin na durƙusa da waɗannan gwiwoyin, na bi shi da tafin hannu lungu-lungu. Wajen ƙofa ya yi sumul. Can ciki kuwa akwai kwari-kwari inda ƙarfinta ya ƙare, irin wanda da mu muka yi a da, sai ta sa mun sake tun daga farko. Na daɗe a durƙushe don kada ta ga fuskata. Sannan na fito na ce ya yi, Inna, ƙasar lafiya lau take.

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta juya ta kira yarinyar.

"Balki, zo ki shiga. Malama ta ce ya yi."

Yarinyar ta cire takalmi ta shiga, ta zauna a tsakiyar ɗakin tana shafa ƙasa tana murmushi. Na ja gefe don Inna ta wuce. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da asabari, ta ƙi shiga sai na riga ta.